Mai saye a ƙasar waje yana son mayar da kaya, ya zan yi kada in yi biyu babu?

Baduku Kano

Assalamu alaikum 'yan kasuwa. Ina sayar da jakunkunan fata da takalma ɗinkin hannu a eBay, dandalin saye da sayarwa na intanet, daga Kano nake aikawa. Matsala uku ce ta taru mini a lokaci ɗaya, ina neman shawarar waɗanda suka san kan abin.

Ta farko, wata mata a Jamus ta sayi jaka yuro 90, ta biya yuro 30 na aike. Jiya ta buɗe buƙatar mayarwa, ta zaɓi dalilin cewa kaya bai yi daidai da bayani ba, wai launin ya fi na hoto duhu kuma fatar tana wari. Na tambayi kamfanin jigila nawa za su ɗauko ta daga can zuwa Kano, suka ce kusan yuro 100.

Ta biyu, wani a Amurka ya ce takalmi ya matse shi. A shafin kayan na rubuta ba na karɓar mayarwa.

Ta uku, ƙunshi ne na jaka uku, yuro 240, na aika Faransa. Mai sayen ya ƙi biyan kuɗin kwastam, kamfanin jigila ya turo saƙo in zaɓa, ko a dawo da shi a kan kuɗina ko a lalata shi.

Wa ke biyan kuɗin dawowa a kowacce? Kwana nawa gare ni? Kuma in kayan suka dawo, kwastam ɗinmu za su caje ni a kan abin da a nan aka ɗinka shi?

Alhaji Mai Sikeli

Wa alaikumus salam. Malam, ka fara da ta Jamus yau ɗin nan, don ita ce lokacinta ke ƙurewa. Daga ranar da ta buɗe, kwana 3 na aiki gare ka ka ba da amsa, ban da Asabar da Lahadi. In suka wuce ba ka ce uffan ba, tana da damar kiran eBay su shiga tsakani. In kuwa suka shiga a kan maganar kaya bai yi daidai da bayani ba, alhali ba ka ba ta hanyar mayarwa ba, abin da aka saba gani shi ne su cire kuɗin daga asusunka su ba ta, jakar ta zauna a hannunta. Kamashon da suka cira a cinikin ba za su maido maka ba, sannan a rubuta maka tabo a cikin lissafin shari'un da aka rufe ba tare da mai sayarwa ya warware ba. Wannan tabon ya fi asarar jaka ciwo. Abin da ake ɗaga wa mutum ƙafa a kai shi ne guda 2, ko kashi 0.3 cikin ɗari na cinikinsa, duk wanda ya fi yawa. Ga ƙaramin mai sayarwa ana duba wata 12 ne a baya, ran 20 ga kowane wata, saboda haka na uku ya isa ya jefa ka ƙasa da mizani. Daga nan kayanka su ja baya a wajen bincike, kamasho ya ƙaru, a riƙa riƙe maka kuɗi.

Abin da ke raba gardamar wa zai biya shi ne dalilin da mai saye ya zaɓa, kuma dalilan gida biyu ne. Gidan farko: kaya ya lalace, ko ba shi aka aiko ba, ko bai yi daidai da bayani ba. A nan kai ne za ka biya kuɗin dawowa, ka mayar da kuɗin kaya da na aiken farko duka, kuma rubuta "ba na karɓar mayarwa" ba ya tsinana maka komai. Mai saye yana da kwana 30 daga ranar da kaya suka isa ya kawo irin wannan ƙorafi. Gida na biyu: ya canja ra'ayi, bai yi masa ba, ya samu mai arha. A nan ƙa'idar da ka rubuta a shafin kayan ce ke aiki.

Matar Jamus tana gidan farko. Kada ka ɓata lokaci kana yi mata bayanin cewa haka fatar da aka jeme da bagaruwa take wari, ko hasken waya ne ya canja launi. Ko da gaskiyarka, eBay ba ta sansana jaka, kuma a irin wannan ƙorafi kusan kullum tana barin mayarwar ta tafi. Zaɓin da ke gabanka a shafin buƙatar su ne ka amince a mayar, ka mayar da kuɗi duka ta riƙe jakar, ka yi tayin mayar da wani ɓangare ta riƙe jakar, ko ka aika mata saƙo. Ka kula da tayin ɓangare, sau ɗaya ake yinsa. Ku fara daidaita adadin ta saƙon eBay, sai ta ce ta yarda sannan ka danna. Kuma aika saƙo kawai ba ya tsayar da kwana ukun nan.

Na Amurka, in dalilin da ya zaɓa shi ne bai yi masa ba, kana iya ƙi. Amma kafin ka ƙi, koma ka duba lambar takalmin da ka rubuta. In ka sa lambar Amurka alhali da lambar Turai aka yanka, laifin ya dawo kanka, ya koma gidan farko. Ko lambar daidai ce, wanda aka ƙi kai tsaye yakan sake salo, ko ya tafi bankinsa ya ƙalubalanci kuɗin da aka cira a katinsa. Kamfanonin kati sukan ba da har kwana 120, kuma in hakan ta faru kwana 5 eBay ke ba ka ka kawo hujja. Ni a ganina ragi kaɗan ya riƙe takalmin ya fi wannan doguwar hanya.

Na Faransa kuwa, a ƙa'idar eBay biyan kuɗin kwastam a wuyan mai saye yake, kuma wanda ya ƙi karɓar kaya ba ya cikin kariyarsu, sai fa in kai ne ka rubuta ƙimar da ta wuce ta gaskiya har harajin ya yi yawa. Ka ajiye hoton shafin bin sawun kayan da ke nuna an tsaya ne a kan rashin biya, da saƙon kamfanin jigilar.

Hajiya Maman Yusra

Alhaji ya gama maganar ƙa'ida, bari in yi ta lissafi. Kuskuren da masu sayarwa ke yi shi ne su auna kuɗin dawowa da farashin da suka sayar. Da uwar kuɗi ake aunawa, wato nawa za ka kashe ka ɗinka wata irinta a Kano. A ɗauka fata da zif da shafi da ladan ɗinki sun ci kwatankwacin yuro 25, ka sa naka adadin na gaskiya a wurin.

In ka mayar mata da kuɗinta duka ta riƙe jakar, ka yi asarar 25 na jaka da 30 na aike, 55 ke nan. In ka dawo da ita Kano, 30 na aiken farko ya tafi, 100 na dawowa ya tafi, 130 ke nan kafin a zo maganar fito da ajiya, abin da ka ceto kuma jakar 25 ce wadda ta sha hanya sau biyu, wataƙila ta lanƙwashe ko ta yi fumfuna. In kuwa ta karɓi yuro 30 ta riƙe, 90 ya rage a hannunka daga 120, ka cire 55 da kamasho, har yanzu da ɗan abin da ya saura. Don haka jerin shi ne tayin ɓangare tukuna, in ta ƙi sai hanya ta huɗu da zan faɗa, in babu ita sai mayar da kuɗi duka. Dawowa Kano ita ce ta ƙarshe, sai ga kaya mai tsadar gaske ko wanda ba a iya sake yin irinsa.

Hanya ta huɗu ita ce adireshin karɓar kaya a ƙasar mai sayen. Ɗan'uwa ko amintaccen aboki, ko kamfanonin da ke karɓar kayan da aka mayar su tara maka a kan kuɗi kaɗan kowane ƙunshi. In kana da mutum a Jamus, sai ka shiga shafin DHL na Jamus ka sayi takardar aike ta cikin gida da kati, adireshin mai sayen a matsayin mai aikowa, na mutuminka a matsayin mai karɓa. Ƙunshin da bai wuce kilo 2 ba bai kai yuro 10 ba. Za a ba ka takardar a PDF, ka ɗora ta a shafin buƙatar mayarwar tare da lambar bin sawu, ita kuma ta buga ta manna. Amma ka zaɓi Paket, kada arha ta ja ka zuwa Päckchen. Päckchen ba shi da bin sawu a cikin gida kuma ba a biyan diyya in ya ɓata, shi kuwa Paket ana bin sawunsa kuma yana da lamuni har yuro 500. Ba lambar bin sawu, ba ka da hujjar komai a gaban eBay. A Ingila ana yin irin wannan ta Click & Drop na Royal Mail, a Amurka ta shafin USPS.

Abu uku ke ɓata wannan hanya. Na ɗaya, Ingila ta fita daga Tarayyar Turai, saboda haka jaka daga Jamus zuwa ɗan'uwanka a Ingila ƙetare iyaka ce, da takardar kwastam da yiwuwar haraji. Daga Jamus zuwa Faransa ko Beljiyam kuwa babu kwastam. Na biyu, da zarar bin sawu ya nuna an kai, kwana 2 na aiki gare ka ka mayar da kuɗi, in ba haka ba eBay na iya mayarwa da kanta. To wanda zai karɓa ya zama mai buɗewa a ranar, ba wanda zai ce sai ƙarshen mako ba. Na uku, in za ka sake sa jakar a kasuwa daga can, dole ka canja wurin da kaya yake a shafin ya nuna Jamus. Jaka ɗaya jefi-jefi ba a nan take ba, amma in ya zama kana tara kaya a ƙasar Turai kana sayarwa daga can, maganar rajistar VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan kayan saye, ta ƙasar ta hau kanka.

Duk kuɗin da za ka mayar, ta cikin eBay. Tun 1 ga Yulin 2021 kayan da bai wuce yuro 150 ba, dandalin ne ke karɓar VAT a wajen mai saye a lokacin biya. Na Jamus kashi 19 ne, wato a kan 120 ta biya ƙarin yuro 22.80 wanda bai taɓa shiga hannunka ba. In ka mayar ta cikin dandalin, su za su mayar mata da wannan. In ka tura mata ta wata hanya a waje, ba za ta samu harajinta ba, buƙatar kuma tana nan a buɗe kamar ba ka biya ba, kana iya biya sau biyu.

Farashin 100 da aka ba ka ma ka tambaya da wane awo aka lissafa. Kamfanonin jigila na gaggawa suna ninka tsawo da faɗi da tudu a santimita su raba da 5000, su ɗauki wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin sikeli. Kwali mai 40 da 30 da 20 ya zama kilo 4.8 ko da jakar ciki kilo ɗaya ce. In har sai ta dawo, ka ce mata ta cire takardun da aka cusa a ciki, ta sa a ƙaramin kwali ko jakar aike mai kauri.

Malam Baban Khalifa

Alhaji, Allah ya ƙara girma, akwai gyara kaɗan a maganar gida na biyu. Cewa ƙa'idar da mutum ya rubuta ce ke aiki daidai ne ga Amurka, inda babu dokar tarayya da ta ba kowa ikon mayar da kayan intanet don ya canja ra'ayi. A Turai ba haka ba ne. Dokar Tarayyar Turai ta 2011 kan haƙƙin masu saye ta ba wanda ya sayi kaya daga nesa a hannun ɗan kasuwa kwana 14 daga ranar da ya karɓa ya fasa cinikin ba tare da ya faɗi dalili ba. Bayan ya sanar yana da wasu kwana 14 ya aiko da kayan. Mai sayarwa zai mayar da kuɗin kaya har da kuɗin aiken farko na hanya mafi sauƙi da ya bayar, cikin kwana 14, amma yana iya riƙewa har sai kayan sun iso ko an nuna shaidar an aiko. Ingila ma tana da kwana 14 ɗin a dokarta ta 2013, sannan dokar 2015 ta ba da kwana 30 na ƙin kayan da ke da aibi.

Wanda ke ɗinka jaka don sayarwa ɗan kasuwa ne a idon wannan doka, ko da shagonsa ɗaki ɗaya ne, kuma in yana nufar masu saye a Turai da kayansa, zamansa a Kano bai fitar da shi ba. Gaskiya ne ba wanda zai biyo ka Kano da sammaci a kan yuro 90. Amma dandalin da bankin mai sayen suna ƙarƙashin wannan doka, kuma kuɗinka a hannunsu yake.

Amfanin sanin dokar shi ne tana da gefen da ke kare ka. Kuɗin dawowa a kan mai saye yake idan fasawa ce kawai, da sharaɗin ka faɗa masa haka kafin ya saya. In ba ka faɗa ba, ya dawo kanka. In ma ba ka sanar da shi haƙƙin fasawar ba gaba ɗaya, kwana 14 ɗin na tsawaita da wata 12. To "ba na karɓar mayarwa" ita ce mafi munin abin da mai aikawa Turai zai rubuta. Ka canja ta zuwa karɓar mayarwa cikin kwana 30, mai saye ya biya kuɗin dawowa. eBay tana bari a raba ƙa'idar cikin gida da ta ƙasar waje. Wanda ya ga shi zai biya aike zuwa Najeriya, in dalilinsa ba mai ƙarfi ba ne, da kansa zai karɓi ragi.

Akwai kayan da haƙƙin fasawa bai shafa ba, kuma wannan ya dace da sana'arka: abin da aka yi musamman bisa umarnin mai saye. Takalmin da aka yanka da awon ƙafarsa, jakar da aka buga sunansa a jiki. Zaɓar launi daga cikin launukan da ka jera bai isa ya mai da shi na musamman ba. Kuma ko na musamman ne, in ya zo da aibi yana da haƙƙinsa.

A kan na Faransa, ƙin karɓar ƙunshi shi kaɗai ba sanarwar fasawa ba ce, sai ya faɗa a fili. Amma yana iya faɗa gobe. Kada ka ɗauka kuɗin nan ya zama naka.

Baduku Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na aika wa matar Jamus saƙo da tayin yuro 30, ina jiran amsa. Ina da ƙane a Beljiyam in ta ƙi. Saura na Faransa, kamfanin ya ba ni zuwa ƙarshen mako, da kuma maganar kwastam ɗinmu.

Ɗanjuma Ejan

Yaya, na Faransa akwai zaɓi na uku da ba su rubuta maka ba: ka biya kuɗin kwastam ɗin da kanka a kai masa kayansa. Ka aika ne a tsarin DAP, wato mai karɓa ke biyan haraji. Tunda ya haura yuro 150, eBay ba ta karɓi VAT a wajen biya ba, sai a bakin ƙofa aka ce ya kawo, shi ya sa ya tubure. Yawancin kamfanonin jigila suna yarda a juya harajin kan mai aikowa ko bayan kaya sun isa, in ka rubuta musu.

Ga kimanin abin da za ka tarar. Fiton jakar hannu ta fata a Tarayyar Turai, wadda lambarta a jadawalin kwastam 4202.21 ce, kashi 3 ne, ana lissafa shi a kan kuɗin kaya da na jigila. A ɗauka jigilar yuro 50 ce, 290 ke nan, fito 8.70. VAT na Faransa kashi 20 ne a kan jimlar har da fiton, wato 59.74. Duka wajen yuro 68, sai ladan da kamfanin ke ɗorawa na fitar da kaya da kuɗin ajiya in kwanakin kyauta sun wuce. Ka nemi su turo maka takardar lissafin a rarrabe. Ka gwada wannan da kuɗin dawo da jaka uku, wanda sau da yawa ya fi na tafiya tsada saboda ba da farashin ragi ake lissafa shi ba, sannan ka mayar da 240. Ka rubuta wa mai sayen ta eBay ku raba biyu. Ko ya ƙi ka biya duka, ka fi riba. Sai dai ka samu amsarsa a rubuce cewa zai karɓa kafin ka biya. Lalatawa kuwa ba kyauta ba ce a kowane kamfani, ka tambaya, kuma ranar da aka lalata ba ka da kaya ba ka da abin nunawa in ya tafi banki.

Yanzu kwastam ɗinmu. Jami'in da ke duba ƙunshi bai san a Kano aka ɗinka ba, abin da ya sani shi ne kaya ya shigo daga waje. In takarda ba ta nuna dawowa ce ba, shigo da kaya ne, za a ƙiyasta fito a kan ƙima da kuɗin jigila, a ɗora VAT kashi 7.5. Ga naka akwai ƙarin haɗari, domin an daɗe ana lissafa takalma da jakunkuna cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su Najeriya don kasuwanci. Ka duba jerin da ke aiki yanzu a shafin hukumar kafin ka ce a aiko. A Satumbar 2025 an fara yafe fito ga ƙananan kaya da ba su wuce dala 300 ba, sau huɗu a shekara, amma yafewar ba ta shafi kayan da aka hana ko aka taƙaita ba. To kada ka dogara da ita kaɗai.

Abin da ke fitar da kai shi ne shaidar fita. Ka ajiye takardar jigilar farko mai lamba, da takardar farashin da ta raka kayan, da hoton shafin cinikin, da takardar fitarwa ta NXP in ka cike. Sannan ka rubuta wa mai aikowa abin da zai cike dalla-dalla, kada ka bar shi ya yi da ka. In ta gidan waya ne, takardar CN22 ce ga ƙaramin ƙunshi mai ƙaramar ƙima, CN23 ga wanda ya fi haka, kuma dukansu suna da gurbin da ake yi wa alama na kayan da aka mayar. Shi zai zaɓa, ba kyauta ba, ba sayarwa ba. A bayanin kaya ya rubuta jakar fata ce, ƙirar Najeriya, ana mayar wa mai sayarwa, ya sa lambar jigilar farko. Ƙima ya sa ta gaskiya yadda take a takardar farko. Masu sa sifili ko dala ɗaya don gudun haraji su ne kayansu ke kwana a sito, saboda jami'in zai yi tasa ƙiyasin, kuma in kaya ya ɓata diyyar ba ta wuce abin da aka rubuta. Kwafin takardar farashin ɗaya a cikin kwali, ɗaya a aljihun roba a waje, da lambar wayarka.

Gidan waya ya fi arha nesa ba kusa ba, amma bin sawu yakan yi shiru bayan kaya sun bar ƙasar, kuma ana iya makonni. Lambar gidan waya ta ƙasa da ƙasa baƙi 13 ce, harafi biyu, lamba tara, harafi biyu na ƙasar. Wadda ta fara da E ta EMS ce, wato aiken gaggawa na gidan waya, ita ta fi nuna tafiya har ƙarshe.

Wasu kaya kuma ba sa dawowa ko ka so. Turaren fesawa mai sinadarin barasa kayan wuta ne a ƙa'idar jirgi, mai saye ba zai iya sa shi a gidan waya ba. Abin da aka yi da fatar mesa ko ta kada yana buƙatar izinin CITES, yarjejeniyar duniya ta kare namun daji, a kowace ƙetarawa, in aka kama babu izini ƙwacewa ake yi.

Hajiya Maman Yusra

Ƙari kaɗan tunda ƙanenka zai iya zama mai karɓa. Ka ce masa ya ɗauki hoton kwalin da takardar da ke jiki kafin ya buɗe, ya ɗora a sikeli, sannan ya buɗe yana ɗaukar bidiyo ba yankewa. Ana mayar da kwali fanko, ana mayar da tsohuwar jaka a riƙe sabuwa. Nauyin da aka rubuta a wajen aikowa da wanda ka rubuta a wajen aikawa su ne hujjar da ta fi ƙarfi. In abin da ya iso ba naka ba ne, kada ka danna mayar da kuɗi, ka kai rahoto a shafin buƙatar da hotunan. In hukunci ya faɗa kanka kana da kwana 30 na ɗaukaka ƙara. Cire har rabin kuɗi saboda an dawo da kaya a lalace dama ce da eBay ke ba masu karɓar mayarwa kyauta da wasu manyan masu sayarwa, da ƙa'idarka ta yanzu ba za ka ga wannan zaɓin ba.

Na Amurka, kada ka yi saurin cewa za ka canja masa da lamba ta gaba. Tun 29 ga Agustan 2025 Amurka ta daina yafe haraji ga ƙananan kaya da ba su wuce dala 800 ba, saboda haka takalmi na biyu zai ci kuɗin aike da haraji sabo. In yana so, ka ba shi ragi a kan sabon ciniki ya riƙe na farkon.

Saye a intanet cinikin biri a sama ne, abin da ka rubuta shi kaɗai mai saye ke riƙe da shi, kuma da shi za a yi maka hukunci. Ƙorafin matar nan biyu duka ana iya toshe su a shafin kaya. Hoto a hasken rana a inuwa, ba a ƙarƙashin ƙwan shago ba, da farar takarda a gefe don ido ya gane launin, sannan a rubuta cewa rinin hannu ne, kowace fata da yadda take sha. A rubuta cewa jimar gargajiya ce, tana da ƙamshinta wanda ke raguwa in ta sha iska. Kafin a naɗe a bar jakar ta sha iska kwana biyu ko uku, kada a rufe ta a leda da danshi musamman da damina, a naɗe da takarda a jefa ƙullin silika mai tsotse danshi guda biyu a ciki. Takalmi kuma a daina dogara da lamba kaɗai. A rubuta tsawon cikinsa da faɗinsa a santimita, a ce wa mai saye ya taka farar takarda ya zana ƙafarsa ya auna daga dunduniya zuwa babban yatsa, ya ƙara rabin santimita.

Alhaji Mai Sikeli

Gyaran Malam Baban Khalifa daidai ne, na karɓa. Baduku, in matar ba ta amsa ba zuwa safiyar rana ta uku, kada ka ci gaba da jira. Ka danna amincewa, ka sa adireshin ƙanenka, ka ɗora takardar aike daga Jamus zuwa Beljiyam mai lambar bin sawu. Za ta ɗan fi ta cikin gida tsada amma babu kwastam. Tayin ɓangaren kuna iya ci gaba da maganarsa ta saƙo muddin ba ta kai ƙunshin gidan waya ba.